A koya wa ɗaliban kiɗa faɗin farashi

Malam Edita, assalamu alaikum.

Na daɗe ina ba da hayar lasifika da janareta a gidajen biki a nan Yamai, don haka in ana zancen kuɗin kiɗa ni ma ina da ta cewa. Ɗan ƙanwata ne ya sa na ɗauki alƙalami. Yana karatun kiɗa da al'adu a Jami'ar Abdou Moumouni, can Harobanda, kuma shi da abokansa uku ba mai zancen jiran aikin gwamnati. Sitidiyo suke so su buɗe. Sun yi adashe sun sayi kwamfuta ta hannu da makirfo ɗaya, sun jera katifu a bangon ɗaki don kada kukan babura ya shiga waƙa. Lokacin zafi kuwa sai sun kashe fanka kafin su ɗauki murya, su fito sharkaf da gumi.

Kwanaki wata hajiya ta sa su yi wa 'yarta waƙar aure, da sunan amarya da na ango da na ƙawaye. Kwana uku suna kanta, har mai kalangu suka ɗauko suka biya shi jika 10 daga aljihunsu. Waƙa ta yi daɗi, da kaina na sa ta a lasifika mata suka yi ta rawa, kafin magariba ta zagaye WhatsApp. Da aka watse, hajiya ta ba su kuɗin tasi da kwanon shinkafa, ta ce Allah ya yi albarka. Na ce wa ɗan ƙanwar tawa, nawa kuka yi da ita? Ya sunkuyar da kai ya ce, "Kawu, ƙawar Inna ce, ta yaya zan yi ciniki da ita?" Ita wannan hajiya ta biya ni kuɗin lasifikata cif, rabi ma tun kafin in ɗora kaya a mota.

Ban ga laifinta sosai ba. Mun taso mun tarar makaɗi ba ya yanka farashi: ya yi wasa, a yi masa kari, mai hali ya ba shi riga ko doki. Haka zamanin su Ɗan Gurmu na Tawa ya tafi. Amma yaran nan ba roƙo suke so su yi ba, sana'a suke so, ga kuɗin haya da na wuta ba sa jiran kyauta. Tela ba ya sa almakashi sai ya karɓi kafin alƙalami, kuma ba wanda ya taɓa ce masa marar kunya.

Roƙona ga gidan rediyonku shi ne ku ware musu fili, ko da sau ɗaya a wata. Ku gayyato ma'aikatan BNDA, ofishin kare haƙƙin masu fasaha, su bayyana yadda ake rajistar waƙa da abin da mai ita zai samu in an sa ta a rediyo. Ku kira malaman cibiyar koyar da kiɗa ta CFPM Taya da tsofaffin masu sitidiyo su nuna yadda ake rubuta yarjejeniya a takarda guda. A yi shi da Hausa da Zabarmanci, don iyayen biki su ma su ji.

Bayan Salla an sake kiransu wani biki a Talaje. Na ce su rubuta kuɗin a takarda su karɓi rabi tukuna, kuma ni zan raka su.

Naku mai sauraro,
daga unguwar Bukoki, Yamai