Koken Iyalan Tsofaffin Sojoji Zuwa Ga Mai Girma Hakimi

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe, Allah ya ƙara girma, ya ja zamanin Sarki.

Mu ne matan tsofaffin sojoji da 'ya'yansu mazauna unguwannin gefen barikin Bukavu a nan Kano, kuka muka kawo gabanka don wallahi abin ya wuce a ci gaba da rufe shi a ɗaki. Cikin mazajenmu akwai waɗanda suka je Laberiya cikin ECOMOG, rundunar kiyaye zaman lafiya ta Afirka ta Yamma, tun 1990, wasu Saliyo wasu Darfur, na baya-bayan nan kuma Borno, su Sambisa da Baga. Sun dawo da ransu alhamdulillah, amma ba yadda suka tafi suka dawo mana ba.

Wanda ya bar ƙafa a daji kowa na ganinsa, ana masa sannu. Namu kukan na ciwon da ido baya gani ne. Ni mai rubutun nan, tunda maigidana ya dawo daga Borno bai taɓa barci ya kai asuba ba, ƙarfe biyun dare zai zabura gumi sharkaf yana kiran sunan abokinsa da aka kashe a gabansa. Ranar wani biki a layinmu yara suka cilla nokawut, dattijo mai jikoki sai gashi kwance bayan randa jiki na ɓari, yaran kuwa me zasu yi in ba dariya ba. Kunnensa na hagu ma ƙarar bam ta kashe shi, sai an ɗaga murya yake ji, in an ɗaga kuma yace tsawa ake masa.

Maƙwabta suce aljanu ne, wasu suce ƙwaya yake sha. Ruƙiyya mun yi, rubutu an sha. Likita dai yace firgicin yaƙi ne ya zauna masa a ƙwaƙwalwa kuma ana maganinsa, to amma ka cewa tsohon soja tashi muje asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau, sai yace au mahaukaci kuka maida ni? Ga hawan jini ga suga, fansho kuwa maganin wata ɗaya ma baya isa.

Ranka ya daɗe, roƙonmu ka sa masu unguwanni su rubuta sunayen irin waɗannan bayin Allah gida-gida, a nemo mana likitan ƙwaƙwalwa ko sau ɗaya ne a wata ya zauna a asibitin unguwa, inda mutum zai shiga kamar mai zazzaɓi ba wanda zai nuna shi. Limamai su taɓo maganar a huɗuba, su mazan sun fi jin liman akan mu matansu. A tsawatar akan nokawut ɗin nan kuma. Sannan ka isar mana da kukan nan fadar Mai Martaba, don duk 15 ga Janairu ana faretin tunawa da 'yan mazan jiya, ana ajiye furanni saboda waɗanda suka rasu, namu kuwa suna nan da rai a soro suna gyangyaɗin barcin da basu samu da dare ba.

Allah ya taimaki Hakimi.

Daga iyalan tsofaffin sojoji, Kano.