An koro ɗiyata ranar jarrabawa, ni kuma na taɓa kuɗin amana

Zuwa ga Hajiya mai filin shawarwari,

Gaisuwa mai yawa tare da fatan kina lafiya, ke da abokan aikinki. Na daɗe ina sauraron shirinki, amma ban taɓa zaton wata rana ni ma zan ɗauki alƙalami in rubuto miki ba. Ina roƙonki ki sakaya sunana da na unguwarmu, domin mu Kiristocin cikin birnin Katsina ba mu da yawa, kowa ya san kowa, kuma abin da zan faɗa miki ko maigidana bai san rabinsa ba.

Ranar Litinin da ta wuce aka koro ɗiyata ta fari daga makaranta, ranar da suka fara jarrabawar zango na biyu. Tana aji uku na ƙaramar sakandare. A wurin taron safe, a gaban ɗalibai da malamai, aka karanto sunayen waɗanda ba su cika kuɗin makaranta ba, aka ce su ɗauki jakunkunansu su fita. Ba ta da kuɗin kurkura, don haka da ƙafa ta tako tun daga wancan gefen gari har gida cikin zafin nan na bazara, ta tarar da ƙofa a kulle, ta zauna a zauren maƙwabta har na taso daga aiki. Hajiya, naira 27,000 kawai suka rage cikin naira 186,000 da ake bina na yara uku. A kan wannan ragowar aka tozarta yarinyar da tun tana 'yar shekara 4 take makarantar, wadda ba ta taɓa wuce ta uku a aji ba, kuma makarantar nan ta coci ce, shugabarta muna zama benci ɗaya da ita ranar Lahadi.

Ya kamata in fara gaya miki dalilin da ya sa muka kai su can, don kada ki ɗauka ƙarya ce ko son a sani, kamar yadda dangin maigidana suke faɗa. Ni malamar firamare ce a makarantar gwamnati, shekarata 14 ina riƙe da alli. Ajina na bana yara sun haura 100, fiye da rabinsu a ƙasa suke zama, kuma kafin in gama kiran suna da raba faɗa rabin lokacin darasi ya tafi. Ba na zagin abokan aikina, akwai masu ƙoƙari ƙwarai a cikinmu, kuma na san dokar 2004 ta ce karatun shekara tara na farko kyauta ne kuma dole. Sai dai ni da nake ciki na san yaro nawa ke fita aji shida bai iya haɗa baƙi ba. Wanda ya ga yadda ake dafa abu shi ya san ko zai ba ɗansa ya ci. Maƙwabciyata Musulma, wadda ɗiyata ta fake a zaurenta, ita ma nata yaran suna makarantar kuɗi mai haɗa boko da Islamiyya, kuma idan muka zauna hira kukanmu ɗaya ne: muna son yaro ya iya karatu, ya san Allah, a kuma san da shi idan bai zo aji ba. A makarantar yarana ma akwai 'ya'yan Musulmi da dama da iyayensu suka kawo saboda karatun.

Akwai kuma abin da ya shafe mu mu kaɗai. Lokacin da nake sakandare, idan aka shiga darasin addini, mu biyar ne muke fita mu zauna gindin darbejiya, saboda ba a turo mana malamin addinin Kirista ba har muka gama. Babu wanda ya zage mu, babu wanda ya kore mu, amma na san yadda zaman nan yake a zuciyar yarinya, kuma na yi wa Ubangiji alkawari cewa nawa ba za su yi shi ba. Mu Hausawa ne gaba da baya. Kakana Bamaguje ne daga ƙasar Kafur, kuma mahaifina a hannun 'yan mishan na SIM ya koyi karatu, lokacin da ya yi jinyar mahaifiyarsa a asibitin kutare na Babbar Ruga, can hanyar Batsari. Da haruffan da ya koya a wurin ya karanta Littafi Mai Tsarki da Hausa, da su ya zama mai bishara, da su kuma ya tura mu bakwai makaranta alhali gonarsa ba ta kai ta kawo ba. Har ya rasu yana jin zafin karɓe makarantun mishan da gwamnati ta yi a shekarun 1970. Kullum yana ce mana ba shi da shanun da zai bar mana, karatu ne gadonmu. To, ni da na ci wannan gado, da wane ido zan dubi 'ya'yana in ce musu a kaina ya ƙare?

Maigidana kafinta ne. Ba zan ce ba ya nema ba, amma tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayu na 2023 aikinsa ya ja baya, katako ya yi tsada, masu aurar da 'ya'ya kuma sun rage yin gado da sif. Kafin lokacin, su ukun naira 84,000 muke biya a zango. Yanzu ta sakandare 74,000 ce, na firamare biyun 56,000 kowanne, ban da littattafai da yunifom da kuɗin kurkura safe da rana. An ce an mai da mafi ƙarancin albashi naira 70,000 a 2024, kuma an ɗan ƙara mana, amma kwanon masara da kuɗin haya sun riga ƙarin isowa gida. Makarantar kuwa kowace shekara sai ta aiko da takarda, wai dizal ya tashi, wai malamai suna gudu saboda albashi. Na san akwai gaskiya a ciki, don na san abin da ake biyan malaman, bai kai nawa ba. Amma a azumin Ramadan na 2025, da aka rufe makarantun jihar nan, na gwamnati da masu zaman kansu, yara suka zauna a gida tsawon watan, ko sisi ba su rage mana ba. A lokacin ban ce komai ba. Ni ce ma na riƙa ba sauran iyaye haƙuri, yau ga sakayyar da na samu.

Daren Litinin ɗin, maimakon ya lallashi yarinyar, sai maigidana ya ce dama ya daɗe yana faɗa, iya kuɗinka iya shagalinka. Ya ce ya yanke shawara: zango mai zuwa za a cire 'yan matan biyu a kai su ta gwamnati, a bar autan, da yake namiji ne. Hajiya, kin ji fa. Yarinyar da take ɗauko ta ɗaya da ta biyu ita za a cire, a bar wanda har yanzu sai an bi shi da bulala yake yin aikin gida. Ba wai ba na son ɗana ba ne, Allah ya sani. Na tabbata ba daga bakin maigidana maganar ta fara ba. Yayansa ne, wanda tun ranar da aka kawo ni gidan nan yake cewa na cika girman kai don na yi NCE, da uwar mijina da take cewa mace ko ta kai ina ɗakin wani za ta ƙare. Mutumin da ya ce ba shi da kuɗi, naira 40,000 kacal ya ba ni a wannan zangon, amma cikin watan nan ya aika da kuɗin taki buhu biyu ƙauye, tun damina ba ta ko yi alamar zuwa ba. Ya ce yanzu ne yake da sauƙi, kuma daga gonar muke cin tuwo. Na yarda daga can masararmu take zuwa, amma taki zai iya jira wata guda, jarrabawa kuwa ba ta jira.

Yayan nasa ya kawo wata shawara, wai a nema wa babbar gurbi a makarantar kwana ta gwamnati idan ta gama aji uku, har ya ambaci ta 'yan mata ta tarayya da ke Bakori. Na san makaranta ce mai suna. Amma tun abin da ya faru a Ƙanƙara a watan Disamba na 2020, da aka kwashe yara fiye da 300 daga ɗakunan kwanansu cikin dare, na ce ɗana ba zai kwana inda ba na jin numfashinsa ba. Ko an ce yanzu da sauƙi, zuciyata ba ta yarda ba, kuma ba yayan mijin nawa ne zai kwana ido biyu ba.

Yanzu zan faɗa miki abin da ya hana ni barci, wanda ya kamata a ce da shi na fara. Ni ce ma'ajin zumuntar mata ta ikilisiyarmu, shekara uku ke nan. A farkon zangon nan, da makaranta ta ce yaron da bai biya kashi mai tsoka ba ba zai shiga aji ba, na haɗa 40,000 ɗin maigida da 59,000 na adashen da na kwasa, suka ƙi kai wa. Na riga na sayar da keken ɗinkina bara, kuma akwai bashin ƙungiyar malamai da ake yanka daga albashina duk wata. Sai na ɗauki naira 60,000 daga kuɗin da mata suka tara don sayen atamfar taronmu na shekara. Na ce wa maigidana ƙanena da ke Zariya ne ya aiko. Hajiya, aro na yi. Na rubuta a bayan littafin da hannuna, da kwanan wata, kuma niyyata in mayar kafin kowa ya tambaya. Ban sayi zane ba, ban sayi ɗan kunne ba, ko lemo ban sha da kuɗin ba, kuma makarantar da na kai wa ta cocin ce, wato kuɗin bai ma fita daga gidan Ubangiji ba. Shekara uku ina riƙe da jakar nan, sau nawa na cika giɓi daga aljihuna ba wanda ya sani? Amma matar fasto ta sanar ranar Lahadi cewa ƙarshen watan nan za a kawo kuɗin gaban kwamiti a tafi Kano sayen atamfa, ni kuma abin da ke hannuna bai kai naira 15,000 ba.

Shugabar makarantar tana cikin kwamitin nan. Wannan ne ya sa na kasa zuwa in yi mata magana a kan wulaƙancin da aka yi wa ɗiyata, alhali bakina cike yake da magana. Mace ce mai son a ce ita ce mai tsare doka, tana wa'azin jinƙai ranar taron mata, ranar Litinin kuma ta sa a karanta sunan 'ya'yan mutane. Na ji an ce akwai 'ya'yan wasu dattawan ikilisiya da ake bin su zango biyu ba a taɓa kiran sunansu ba, ko da yake ban gani da idona ba. An kuma ce akwai ragin da ake yi wa marayu da 'ya'yan masu bishara, ni kuwa jikokin mai bishara nake riƙe da su, amma ban taɓa nema ba don ba na son a san cikina. Idan na je neman ragi yanzu, sai an tambayi yadda na biya na baya. Idan na gaya wa maigidana, na ba shi sandar dukana, zai ce ga inda makarantar kuɗi ta kai mu, kuma kafin gari ya waye yayansa ya ji. Idan na yi shiru har ƙarshen wata, sunan mahaifina ne zai zube a ikilisiyar da ya yi wa hidima.

Da na ɗauki alƙalami, tambayar da na yi niyyar yi miki ita ce ko in yarda a cire yaran ko in dage. Ina dai son jin ra'ayinki a kan haka, musamman batun fifita namiji, don na san ko a cikin Musulmi kin sha yin magana a kan karatun 'ya'ya mata. Amma ki fara gaya mini wa zan tunkara tukuna, maigida ko matar fasto, kuma da wane baki. Akwai wani mai ba da bashi da ruwa a kusa da Babbar Kasuwa da wata abokiyar aikina ta ce zai ba ni 60,000 in mayar da 78,000 bayan wata uku. Na san yadda irin wannan take ƙarewa, amma zai rufa mini asiri a wannan watan, kuma ina jin ƙafata tana ja na can.

Na manta ban gaya miki ba, na samo 27,000 ɗin a wurin maƙwabciyar tawa ranar Talata, na kai, aka ce yarinyar ta dawo ta rubuta sauran darussan. Ita ce ta ƙi. Yau kwana biyar ke nan ba ta fita ko ƙofar gida ba, ta ce ta gwammace ta je makarantar da nake koyarwa ta zauna a ƙasa da ta sake tsayawa a filin nan. Babanta ya ce kin ji, ita ma ta faɗa. Ni kuwa na ce yarinya ce, zafin abin ne bai sake ta ba, kuma ba ita za ta zaɓa ba. Ko in tilasta mata ta koma ranar Litinin, Hajiya? Don Allah ki karanta wasiƙar nan a shirin wannan makon, kada ta kai na gaba.

Taki mai sauraro,
Uwar yara uku, daga cikin birnin Katsina.