Zuwa ga Yaya, kan maganar kuɗin ƙwallo da ake yi a gida

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Yaya, bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya kai da iyali. Yaya jikin Inna? Allah ya ƙara sauƙi. Ni ma nan Amurka lafiya lau nake, sai godiyar Allah. Na rubuta maka ne don in muka yi waya layi yana yawan katsewa, maganar ta riƙa zuwa gutsi-gutsi. Ina so ka samu Baba bayan sallar isha'i, lokacin da ba kowa a zaure, ka karanta masa wannan tun daga farko har ƙarshe.

Na turo dala 300 ta hanyar da muka saba. In sun shigo ka fara da maganin hawan jinin Inna, a sayi na wata uku gaba ɗaya, a daina sayen na sati-sati ana tsallake kwanaki. Sai kuɗin jarrabawar Auta. Ka je makarantar da ƙafarka ka biya, ka karɓo rasit ka ɗauko min hotonsa. Kada ka ba shi kuɗin a hannu. Abin da ya rage a sayi masara yanzu da kaka, kafin ta tashi, a cire wa Gwaggo ɗan wani abu ko yaya yake.

Saƙon muryar da ka turo ya hana ni barci. Wai Kawu ya tsaya a wurin ɗaurin aure yana faɗa wa mutane cewa yanzu a Amurka miliyoyin daloli ake biyan ɗaliban da ke wasa, ni kuma na yi gum ina ci ni kaɗai, ina turo muku abin da bai taka kara ya karya ba. Wallahi abin ya yi min ciwo. Ba maganar Kawu ce ta fi damuna ba, shirun da ka ce Baba ya yi ne. Na san Baba, in ya yi irin wannan shirun to maganar ta shige shi.

Bidiyon da Kawu ya gani a Facebook ba ƙarya ba ne tsagwaronta, shi ya sa zan warware maka shi dalla-dalla. Shekara da shekaru hukumar da ke kula da wasannin jami'o'i a nan, NCAA, ta hana a ba ɗalibi ko sisi bayan kuɗin makaranta da abinci da ɗaki. Alhali gasar ƙwallon kwando da ake yi duk watan Maris kaɗai, kuɗin nuna ta a talabijin ya kai kusan dala biliyan ɗaya a shekara. Kocin ƙwallon zari-ruga irin na Amurka a jami'ar Jojiya, Kirby Smart, dala miliyan 13 yake karɓa a shekara. Yaran da ake farfasa wa kai da gwiwa a filin kuwa sai tafi. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Da 'yan wasa suka gaji sai suka nufi kotu. A watan Yunin 2021 kotun ƙolin Amurka ta yanke hukunci a kan NCAA, alƙalai tara duk bakinsu ɗaya, kuma daga 1 ga Yulin shekarar aka yarda ɗan wasa ya yi talla da sunansa da hotonsa a biya shi. Sai a watan Yunin 2025 wata alƙaliya, Claudia Wilken, ta amince da wani sulhu: za a biya 'yan wasan da aka hana a baya kusan dala biliyan 2.8 cikin shekara goma, sannan kowace jami'ar da ta shiga tsarin za ta iya raba wa 'yan wasanta har dala miliyan 20.5 a shekarar farko.

Wannan adadin shi ne ya ruɗa Kawu. Abin da bidiyon bai faɗa masa ba shi ne, a yawancin manyan jami'o'i kusan kashi uku cikin huɗu na kuɗin 'yan zari-ruga ne ke kwashewa, don su ne ke cika fili su kawo kuɗin talabijin. 'Yan kwando maza su ɗauki mafi yawan abin da ya saura. Ƙwallon ƙafa irin tamu da duk Zariya ke haukanta a kai, a nan ba ta da wannan kasuwa. Wani wasan in ka ƙirga 'yan kallonmu ba su kai na wasan unguwa da muke yi ranar Juma'a da yamma ba.

Ga kuma biza. Ni da bizar ɗalibi na shigo, wadda ake kira F-1. Aikin da ta yarda min shi ne na cikin makaranta, awa 20 a sati lokacin karatu. In wani mai shago a gari ya ce in riƙe kayansa a ɗauke ni hoto ya ba ni dala ɗari, abokan wasana 'yan ƙasa za su karɓa ba fargaba, ni kuwa ana iya cewa na yi aiki ba izini, a soke takarduna a sa ni a jirgi. Ofishin ɗaliban ƙasashen waje sun ja mana kunne a kan haka ba sau ɗaya ba. Ko Oscar Tshiebwe, ɗan Kwango da ya zama gwarzon ɗan kwandon jami'o'i a 2022 a jami'ar Kentaki, sai da ƙungiyarsu ta fita zuwa Bahamas ya samu ya yi ɗaukar tallace-tallacensa a can, don ba a ƙasar Amurka yake tsaye ba. Wanda duk ƙasar ta san sunansa ke nan, balle ni.

Dala 300 ɗin nan daga ɗakin cin abincin makaranta suka fito. A bayan kicin nake, wurin injin wanke kwanuka. Faranti na fitowa da zafi kamar ya ƙona yatsu, in jera, in goge tebura, in fitar da shara. Ba na jin kunyar aikin, halal ne, kuma mai kula da mu mutuniyar kirki ce, takan bar ni in shiga ɗakin ajiya in yi magariba. Amma kada ka karanta wa Baba wannan wurin da ƙarfi in Kawu yana kusa.

Kuma ba kuka nake ba. Karatu kyauta nake yi, wanda da kuɗinmu ko gonar Baba aka sayar ba za ta biya zango ɗaya ba. Ina cin abinci sau uku, ina da ɗaki mai ɗumi. A wasanmu na gida na ƙarshe ni na ci ƙwallo ta biyu, da ka, aka kira sunan Baba a lasifika duk fili ya ji. Na so a ce kana wurin.

Ka tambaye ni maganar ƙungiyar ƙwadago da ka ji a rediyo, ko ina ciki. Babu wata ƙungiya tukuna. A 2014 'yan zari-rugan jami'ar Northwestern, kusa da Shikago, sun nemi a ɗauke su a matsayin ma'aikata, har sun kaɗa ƙuri'a, amma a 2015 hukumar ƙwadago ta ƙasa ta ce ba za ta shiga maganar ba, ƙuri'un ma ba a ƙirga su ba. A watan Maris 2024 'yan kwandon kwalejin Dartmouth suka yi zaɓe, 13 suka amince 2 suka ƙi. Makarantar ta ƙi zama da su, kafin shekarar ta ƙare suka janye buƙatar.

Ni dai ra'ayina, suna da gaskiya. A takarda an ce kada atisaye da wasa su wuce awa 20 a sati. Amma ranar wasa awa uku ake rubutawa ko da tun safe kake tare da ƙungiya. Doguwar tafiyar bas ba ta cikin lissafi, zaman gashi da ƙanƙara wurin likita ba ya ciki, ga atisayen da ake cewa na ganin dama ne, wanda in ba ka zo ba koci ya san ba ka zo ba. Kafin gari ya waye muna ɗakin ɗaga ƙarfe. Akwai wata 'yar riga da muke sawa mai na'ura a tsakanin kafaɗu, tana auna duk gudun da ka yi, da yamma a lika sunayenmu a bango daga mai yawa zuwa mai kaɗan. Wanda yake gaya maka lokacin tashi, da abin da za ka ci, da darasin da ba za ka ɗauka ba saboda ya ci karo da atisaye, ai ubangidanka ne. In haka ne ya kamata a ce akwai wanda zai zauna da shi a madadinmu, yadda ASUU ke zama da gwamnati a madadin malamai. Sulhun da aka yi lauyoyi da shugabanni ne suka tsara shi, ba wanda ya zo ɗakin sauya kayanmu ya tambaye mu.

Abin da ya ƙara tsaya min a rai wani yaro ne ɗan Ghana da muke ɗaki ɗaya a tafiya. Ya karye a idon sawu, aka yi masa aiki, ya warke. Da ya dawo koci ya kira shi ofis ya rufe ƙofa, ya ce ba wanda zai kore shi, amma ya sani ba zai sake buga minti ɗaya a nan ba, gara ya nemi wata makaranta. Yaron ya fito ya zauna a kan benci da takalmi ɗaya a ƙafa, ya daɗe bai sa ɗayan ba. Ba shi da wanda zai kai wa ƙara, kuma shi ma mutanen gidansu suna can suna jiran abin da zai turo. Sabon tsarin ya ƙayyade 'yan ƙwallon ƙafa maza 28 a ƙungiya, don haka kowane koci yanzu lissafin gurbi yake yi.

Amma fa ina da tsoro, ba zan ɓoye maka ba. In aka ce mu ma'aikata ne, bizata da ta ce awa 20 fa? Kuma in kuɗin biyan albashi ya yi wa makaranta yawa, ba zari-ruga za ta rufe ba, mu za ta fara rufewa. Jami'ar Cincinnati ta soke ƙungiyar ƙwallon ƙafarta ta maza a 2020 lokacin korona, yara suka wayi gari ba ƙungiya. Don haka in an kawo takardar kafa ƙungiyar ƙwadago ba ni zan fara sa hannu ba, baƙo ne ni. In 'yan ƙasa suka tsaya, ina bayansu. Ka gaya wa Inna ta kwantar da hankalinta, ba zanga-zanga nake zuwa ba.

Yanzu maganar Auta, wadda ta fi komai. Na ji ya daina zuwa darasin yamma, kullum yana fili, wai zai bi sahuna. Na kuma ji akwai wani mutum da ya zo ya ce shi ejan ne, a ba shi kuɗi zai samo masa makaranta a Amurka, har Baba ya fara maganar jinginar da gonar bakin rafi. Yaya, don girman Allah kada a taɓa gonar nan. Kada a ba mutumin nan ko naira ɗaya. Ni da na zo, sai da aka duba sakamakona na WAEC darasi bayan darasi kafin a yarda in taka fili, kuma ko a nan in makina ya faɗi a benci zan zauna. Ba ejan da zai sayo masa wannan. A cikin masu wasa a jami'o'in nan ma, waɗanda ke zama ƙwararru ba su kai biyu cikin ɗari ba. Ni kaina takardar digiri nake ƙoƙarin riƙowa, ita ce abin da na tabbata zan dawo da shi in Allah ya so.

Na san Auta laifina yake gani, zai ce na haye na janye tsani. Na san kuma ni ne na bar ka da nauyin gida kai kaɗai, asibitin Inna, rigimar Kawu, duk a kanka, ni ina nan ina buga ƙwallo. Wani lokaci in na tuna haka abincin ma ba ya shiga. Amma ka zaunar da shi ka gaya masa in ya ci jarrabawar da kyau, ni da kaina zan tura bidiyon wasansa ga masu horarwa, ba da ko kwabo ba. In bai ci ba kada ya sake yi min maganar Amurka. Ka karɓe takalman ƙwallon da na aiko masa ka ajiye a ɗakinka har sai ya gama rubutawa.

Hoton da kuka gani da bandeji a gwiwata ba wani abu ba ne, 'yar targaɗe ce, ana gasa min kuma makaranta ce ke biya. Kada a gaya wa Inna. Sanyi ya fara shigowa, amma ina da riguna. Abin da nake marmari kawai tuwon Inna da miyar kuka, wadda na zo da ita ta ƙare tun tuni. In ka ji wani mai tahowa, a ɗaura min kuka da daddawa da yaji, a rufe su sosai a rubuta sunansu a jiki saboda masu bincike a filin jirgi.

Kawu kuma kada ka yi masa rashin kunya, babba ne. Ka kai masa goro ka ce na gaishe shi, in ya sake tayar da maganar ka ce ya kira ni da kansa. A hutun ƙarshen shekara doka ta yarda in yi aiki cikakken lokaci, don haka ina sa ran turo wani abu a watan Janairu, amma kada a ci bashi a kansa.

Ka tuna, maganin Inna na wata uku, rasit ɗin Auta a hannunka, gona kuma kada a taɓa ta. Ka gaishe min da Baba da Inna, su ci gaba da sa min albarka. Ka gaida matarka da yara, da Gwaggo, da Malam na makarantar allo, da duk 'yan majalisa. Ina jiran hoton rasit ɗin.

Wassalam,
Ƙaninka