Rahoton ayyukan shekara daga teburin sakatare

Assalamu alaikum 'yan uwa.

Zan fara da maganar kuɗi, don kada a ce na ɓoye ta a ƙasa. Waɗanda suka biya kuɗin wata-wata cikakke a bana su ne dai waɗanda suka biya bara, kuma kun san su. Ni da ma'aji mun tura saƙo a rukuninmu na WhatsApp har mun gaji. Ana karantawa, alamar shuɗi tana fitowa, amma shiru kamar an shuka dusa.

Wannan ne ya sa hayar sabarmu, wato kwamfutar da muke haya don gudanar da aikinmu ta intanet, ta ƙare tun tsakiyar shekara, aikin bibiyar farashin hatsi kuma ya tsaya. Na ji ana cewa kwamitin ne ya yi sakaci. Ba haka ba ne. Rumbun bayanai na yau da kullum kana iya kunna shi ka yi tambayarka ka kashe. Bayanan da ke kwarara kuwa, irin waɗanda aikin farashin ke amfani da su, tambaya ɗaya ake kafa musu, ta zauna tana amsawa dare da rana, don haka dole na'ura ta kwana a kunne. Mun gwada da kwamfutar mataimakin shugaba a gidansa, duk lokacin da aka ɗauke wuta sai abin da ya wuce ya wuce, babu mai dawo da shi.

An yi tarurrukan wata kamar yadda aka saba, ban da na azumi.

Abin da ya wanke mana fuska shi ne taron bita da muka yi wa ɗalibai. Mun fara da ɗan tarihi: yadda a 2009 Emanuele Della Valle da Stefano Ceri na jami'ar fasaha ta Milan a Italiya, tare da Frank van Harmelen da Dieter Fensel, suka yi kira da a haɗa fanni biyu da ba sa ga-maciji a lokacin, wato sarrafa bayanai masu gudu da kuma fitar da hukunci daga ilimin da aka tsara. A Milan ɗin ne aka samar da C-SPARQL, wanda ya ƙara wa harshen tambaya na SPARQL abin da muke kira taga, wato ka ce a duba abin da ya shigo cikin minti goma na ƙarshe kawai.

Daga nan muka nuna namu. Wikimedia, gidauniyar da ke kula da Wikipedia, tana fitar da kowane gyara da aka yi a shafukanta kai tsaye, kyauta. Muka tace na Wikipedia ta Hausa, muka haɗa da Wikidata, rumbun bayananta, inda alaƙar P131 ke faɗin yankin mulkin da wuri yake ciki. Muka ce wata ɗaliba ta gyara muƙalar Daura daga wayarta. Kafin ta ajiye wayar, allo ya nuna cewa ana aiki a kan Jihar Katsina, alhali babu wanda ya rubuta Katsina. Na'urar ce ta haɗa biyu da biyu. Wani dattijo malamin islamiyya da ya rako ɗansa ya ce ai wannan istinbaɗi ne, wato fitar da hukunci daga hujja, kuma tun ranar kalmar da muke amfani da ita ke nan.

Da minti goma suka cika, Katsina ta ɓace daga allon, ɗakin ya ɗauka abin ya lalace. Nan ne darasin yake. Hujja ta fita daga taga, dole hukuncin ya bi ta. Sai muka sake gwadawa, wannan karon wani ya gyara Funtua bayan Daura. Daura ta fita, Katsina ta tsaya, saboda tana da wata hujjar da ta riƙe ta. Sanin abin da za a goge da abin da za a bari ba tare da an sake lissafi daga farko ba shi ne mafi wuyar aikin, kuma matasa biyu ne suka kwana a kansa, da man janareta na aljihunsu. Allah ya saka musu da alheri.

Ƙamus ɗin kalmomin fanni bai kammala ba. Mun raba wa kowa harafinsa, kaɗan ne suka dawo da nasu. Haka nan gyaran ƙ da ɗ da ɓ: idan wani ya rubuta da ƙugiya wani ya rubuta babu, na'ura tana ɗaukarsu kalmomi biyu daban. Aiki ne da mutum zai yi a wayarsa yana zaune a majalisa, amma ba a samu mai yi ba.

Ku zo taron wata mai zuwa da bashin da ake bin ku. Idan bai isa hayar saba ba, zan kawo shawarar a rufe aikin farashin gaba ɗaya. A ranar kuma a zaɓi sabon sakatare, ni kam na yi nawa.

Wassalam.