Amsa ga saurayin da ya nemi labarin harbi a littafina

Assalamu alaikum ɗana,

Ka bugo waya gidan rediyo a nan Garwa, ka ce tsohon sojan BIR, rundunar kai ɗaukin gaggawa ta Kamaru, ya rubuta littafi guda babu harbi a ciki, ko tsoro nake ji? Lokacin shirin ya ƙare kafin in amsa maka.

Tsoro kam akwai, amma ba kaina nake jiye wa ba. Yawancin samamen da muka yi nasara a wajejen Kolofata da Amchide, wani ne ya tsegunta mana: makiyayi, mai itace, wani lokacin tsohuwa mai tallar nono. Mutanen nan suna ƙauyukansu har yau, waɗanda suka tona wa asiri kuma ba su ƙare ba. In na rubuta daren kaza muka bi hanya kaza, ko ban kama suna ba, 'yan garin za su gane bakin da ya yi magana. Ni ina Garwa ina cin fansho, shi kuwa a bakin iyaka zai kwana.

Sannan aikin ba yadda kuke gani a fim yake ba. Asalin rundunar, a 1999, don zargina masu tare hanya aka kafa ta, sai daga 2014 Boko Haram ta zama babban aikinmu. Faɗan kansa ba ya daɗewa. Sauran duk jira ne cikin rana da ƙura.

Abin da ya tsaya mini a rai daban ne. Kasuwancin Amchide da Banki ya mutu murus, attajiran da ake gaisarwa a durƙushe suka koma neman na cefane. Bayan bama-baman Marwa a Yulin 2015, yarinya mai talla in ta doso sai kowa ya ja da baya. Ga 'yan banga, da kwari da baka suke tsare ƙofar gari, babu albashi, su ne kuma na farko da ɗan ƙunar baƙin wake yake tararwa. Mu dai muna da kaki, muna da lambar girma. Su wa zai rubuta su?

A kansu nake aikin littafi na biyu. In kana da ɗan'uwa da ya yi banga a Mora ko Fotokol, ka haɗa mu, zan sauya masa suna da gari.

Allah ya yi maka albarka.