Kuɗin Firimiya ba na Ingila ba ne

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina neman ɗan fili in tofa albarkacin bakina kan tambayar da masu sharhin wasanninku ke yawan jefowa: yaya ƙasar da ke da gasa mafi tsada a duniya ta kasa cin kofi tun 1966, har ta sha kashi a wasan ƙarshe na kofin Turai sau biyu a jere, hannun Italiya a 2021, hannun Sifaniya a 2024? A ganina babu abin mamaki. Firimiya a Ingila ake buga ta, amma masu kulob ba don tawagar Ingila suke zuba kuɗinsu ba.

Ku dubi Kalvin Phillips. Yaron nan yana Leeds yana buga wasa kowane mako, shi da Declan Rice suka riƙe wa Ingila tsakiya har wasan ƙarshe na 2021 a filin Wembley. A 2022 Manchester City ta saye shi a kan fam miliyan 40 da ɗoriya, alhali tana da Rodri a wannan gurbin. Me ake jira? Benci. Ana dawowa daga kofin duniya na Qatar, kocin City Guardiola ya fito bainar jama'a ya ce ya yi ƙiba. Daga nan sai aro, yau West Ham, gobe Ipswich. City ba ta yi asara ba, ta ci kofuna uku a kakarsa ta farko. Ingila ce ta ji jiki: a gasar 2024 kocinta Southgate ya tura Alexander-Arnold, ɗan baya, tsakiya, abin ya ƙi, har ya ce da bakinsa ba shi da madadin Phillips.

Wani zai ce ai Cole Palmer ya bar City ya koma Chelsea ya haskaka. Gaskiya ne, amma shi guduwa ya yi daga bencin. Kuma Chelsea ɗin da ta karɓe shi, tun da Todd Boehly ya jagoranci sayen kulob ɗin a 2022 ta kashe sama da fam biliyan ɗaya, manyan kuɗin kan Enzo Fernandez ɗan Ajantina da Caicedo ɗan Ekwado, kowanne ya haura miliyan 100. Ban ga laifinsu ba, kasuwa ce, kuma mu da muke cika gidajen kallo ranar Asabar abin da muke so ke nan.

Inda abin ya fi muni shi ne wajen masu horarwa. Daga kafa Firimiya a 1992 zuwa 2025 babu kocin ɗan Ingila ko ɗaya da ya ɗaga kofin. Howard Wilkinson na Leeds ne na ƙarshe da ya ci gasar ƙasar, kafin a sauya mata suna. Manyan kulob ba su da haƙurin rainon koci, wanda ya riga ya yi suna a waje suke ɗaukowa. Shi ya sa da Southgate ya ajiye aiki, hukumar ƙwallon Ingila ta waiga hagu da dama, ta ƙare a kan Thomas Tuchel, Bajamushe, ɗan ƙasar da suka doke 4 da 2 a 1966.

Don Allah idan za ku sake wannan muhawara, ku tambayi baƙinku minti nawa 'yan Ingila ke samu a manyan kulob, ba nawa aka kashe a kasuwar 'yan wasa ba.

Wassalam,
Mai bibiyarku daga Zariya