Wasiƙar ƙorafi zuwa ga kamfanin da ya gyara kundin ƙa'idojin gyaɗa, ya kuma buga shi

Ranka ya daɗe shugaban kamfani,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, mun fito da wannan magana fili ne saboda kundin ƙa'idojin busarwa da ajiyar gyaɗa da kuka buga ya riga ya shiga hannun ƙungiyoyin manoma a Tasawa, Madarunfa da Gidan Rumji, alhali abin da ke ciki ba shi muka miƙa muku ba.

Ɓarna mafi girma tana jadawali na 3. Iyakar gubar aflatoksin da hukumar Codex, mai tsara ƙa'idojin abinci ta duniya, ta gindaya wa gyaɗar da za a ƙara sarrafawa ita ce mikrogram 15 a kowane kilo, wato 15 µg/kg. A bugunku ta fito 15 mg/kg. Mun san yadda irin wannan ke faruwa: idan aka sa alamar µ da nau'in rubutu na Symbol, daga baya aka shafa takardar gaba ɗaya aka sauya mata nau'in rubutu, sai alamar ta koma m. Miligram ɗaya mikrogram dubu ne. Ke nan harafi guda ya ninka iyakar sau dubu. Wannan guba fumfuna ke haifar da ita a gyaɗar da ba ta bushe ba, hanta take ci, ido ba ya ganinta, tuya kuma ba ta kawar da ita. Ƙuli-ƙulin da aka yi da irin wannan gyaɗa yara ke fara saye a ƙofar makaranta.

A jadawalin nan dai, danshin ɓararriyar gyaɗa kada ya wuce 9,0 %, mai ɓawo kuma 10 %. A Nijar da waƙafi muke raba lamba, irin na Faransanci. Mai gyaranku ya ɗauka kuskure ne ya goge shi, sai ga 90 % a rubuce.

Sai kalmomin hukunci, kuma nan ne muka gane cewa an yi wa kundin gyara irin na littafin labari. A takardar ƙa'ida "dole ne" sharaɗi ne da ake auna kaya da shi, a karɓa ko a mayar. "Ya kamata" shawara ce. "Ana iya" izini ne kawai. Mun bayyana haka a shafin farko. Duk da haka, don gudun maimaici, an canza "dole ne" zuwa "yana da kyau" a sashe na 5 inda aka hana jibge buhuna a ƙasa ba katako ƙarƙashinsu, ko jingina su da bango. Yanzu mai duba sito ba shi da abin kafa hujja. Maimaici a irin wannan kundi da gangan ake yinsa; kalma ɗaya, ma'ana ɗaya, tun daga farko har ƙarshe.

An kuma cusa sabon kan magana bayan sashe na 4, lambobi suka gusa, amma ba a bi ishararorin cikin rubutu an daidaita su ba. "Duba 6.2" da ke kai mutum ga yadda ake ɗibar samfuri yanzu ga wankin buhu take kai shi.

Haruffa masu ƙugiya kuwa, ɓ, ɗ, ƙ da ƴ, wasu sun zama akwatunan banza, wasu an gutsure musu ƙugiyar, har "ƙasa da" ta koma "kasa da". Nau'in rubutun da kuka zaɓa ba ya ɗauke da su.

Duk wannan da an tare shi a zama ɗaya, da kun turo mana kwafin ƙarshe mun duba mun sa hannu kafin ya hau inji, kamar yadda yarjejeniyarmu ta ce. Ba ku turo ba.

Muna neman ku koma kan takardar asali, ku yi gyara ta yadda kowane canji zai bayyana, kada a taɓa lamba, ma'auni ko kalmar hukunci sai da yardar kwamiti. Ku fitar da PDF da haruffansa a ƙunshe ciki, ku turo mu karanta jadawalai lamba bayan lamba. Sake bugu da karɓo kwafin da suka fita nauyinku ne, kuma a gama kafin a fara cirar gyaɗa a kakar bana.

Wassalam,
Kwamitin da ya tsara kundin, Maradi